Wata 24 da baƙin bajo a ƙirji: yadda ɗan mishan na Mormon ke rayuwa a Ghana

Duk wanda ya taɓa zama a Akra ko Kumasi ya san su ko da bai taɓa tsayawa da su ba. Samari ne biyu-biyu, da farar riga mai gajeren hannu da laktaye, da jaka a kafaɗa, da wani ɗan baƙin bajo a ƙirji. Wani lokacin Bature ne da Bafilifine, wani lokacin ɗan Najeriya ne da ɗan Kwango. Su ne 'yan mishan na Cocin Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wadda duniya ta fi sani da cocin Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninta suka nemi a daina kiran ta da wannan laƙabi. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York ranar 6 ga Afrilu 1830, hedikwatarta kuma tana Salt Lake City a jihar Yuta ta Amurka. Mabiyanta sun haura miliyan 17, kuma a 2024 matasa da dattawan da ke aikin mishan na cikakken lokaci sun haura dubu 70.

Mutane kan ɗauka albashi ake biyan waɗannan yaran, ko kuma malaman coci ne da suka yi karatun addini mai zurfi. Ba ɗaya daga ciki. Yawancinsu sakandare kawai suka gama, su da iyayensu ne ke biyan kuɗin zamansu, kuma rana guda za su cire bajon su koma makaranta ko sana'a.

Kafin ya hau jirgi

Namiji yana iya tafiya daga shekara 18, ya yi wata 24. Mace wata 18 take yi. A Oktoban 2012 ne aka sauko da shekarun, na maza daga 19 zuwa 18, na mata daga 21 zuwa 19, a ƙarshen 2025 kuma aka mayar da na mata 18. Cocin tana kallon tafiyar a matsayin nauyi a kan saurayin da ke da lafiya, ga budurwa kuwa ganin dama ne.

Saurayi zai fara da bishop, wato shugaban majami'ar unguwarsu, wanda shi ma ba ma'aikacin coci ba ne, yana da sana'arsa. Bishop zai yi masa tambayoyi a keɓe: ya yarda da koyarwar cocin, yana kiyaye kansa daga zina, yana fitar da ushiri, wato kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu, ba ya shan giya ko taba. Daga nan sai shugaban gunduma, mai kula da majami'u da dama, ya maimaita tambayoyin. Sai gwajin likita da na likitan haƙori da alluran rigakafi. Mai zuwa Ghana dole ya yi allurar zazzaɓin shawara, don ana neman katinta a filin jirgi. Takardun su tafi Salt Lake City, inda ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu na cocin yake duba hoton yaron da bayanansa ya sanya masa wuri. Yaron ba shi da zaɓi a nan. Yana iya fatan Faransa a tura shi Cape Coast. Shi kuma bisa imaninsa, wahayi ne ya zaɓa masa, kuma wannan imanin ne zai riƙe daga baya idan wurin ya yi masa zafi.

Kafin ya tashi za a naɗa shi dattijo a tsarin firistancin cocin, shi ya sa ake kiran ɗan shekara 18 da Elda, mace kuma Sista, a haɗa da sunan gidansu. Sunan yanka ya ajiye shi ke nan sai ya dawo. Zai shiga haikali, wato keɓaɓɓen gidan ibadarsu wanda ya bambanta da majami'ar Lahadi, ya ɗauki alkawura, daga ranar kuma zai riƙa sa wata farar tufa ta ciki dare da rana, har a zafin watan Maris na Tamale.

Maganar kuɗi kuwa, akwai ƙayyadadden kuɗi da ake biya duk wata a kan ɗan mishan da ya fito daga Amurka da wasu ƙasashe masu hali. Kuɗin ɗaya ne ko Tokyo aka kai shi ko Takoradi. Asusu ɗaya ake zuba shi, rarar wuri mai araha ta cike giɓin wuri mai tsada. Wanda ya fito daga gidan talakawa a Afirka yakan kawo abin da ya samu, majami'arsu ta taimaka, asusun cocin ya cika sauran.

Sai cibiyar horo. Mafi girma tana Provo a Yuta. Ghana ma tana da tata, an buɗe ta a Tema a 2002, aka mayar da ita sabon gini a Akra a 2017, kusa da haikalin da aka keɓe a Janairun 2004. Wanda zai yi wa'azi da harshen da ya riga ya iya kimanin mako uku yake yi, mai koyon sabon harshe mako shida zuwa tara. Wannan lokaci bai isa a iya harshe ba, cocin ma ta sani. Abin da ake ɗora wa yaro a nan shi ne tsarin yini da yadda ake buɗe darasi.

Yini ɗaya

Tsarin da aka daɗe a kansa shi ne tashi ƙarfe 6:30 na safe, kwanciya 10:30 na dare. Tun Janairun 2017 aka ba shugabannin mishan damar matsar da agogon gwargwadon ƙasa. A Ghana, inda duhu ke shiga wajen ƙarfe shida duk shekara kuma gari ke farkawa da asuba, hankali ya fi karkata ga fara aiki da wuri a koma gida da wuri. Safiya tana tafiya a kan addu'a, motsa jiki na minti 30, wanka, karin kumallo, sai awa ɗaya na karatun nassi shi kaɗai. Akwai rabin awa na tsara yinin, da karatu tare da abokin aiki, da nazarin harshe ga mai bukata. Turanci ne harshen hukuma a Ghana, amma wanda bai koyi gaisuwa da ɗan abin da ya samu na Twi ko Fante ko Ga ba, tsofaffi za su saurare shi don kunya kawai.

Daga nan sai titi. A ƙafa, ko a keke, ko a motar haya da ake kira torotoro. Aikin kashi uku ne: neman sababbin masu saurare, koyar da waɗanda suka yarda, da ziyartar waɗanda aka yi wa baftisma suka ja baya. Tun 2004 aka daina haddace darussa kalma da kalma, aka ba su littafin jagora wanda aka sabunta a 2023, suna faɗar abin da bakinsu. Darasin farko a kan abin da suke kira maido da bishara yake: cewa ikon manzannin Yesu ya ɓace daga duniya bayan mutuwarsu, aka dawo da shi ta hannun Joseph Smith, wanda ya ce a 1820 ya ga Allah Uba da Yesu a matsayin biyu daban-daban. Sai su miƙa Littafin Mormon, wanda aka buga a 1830 kuma suke riƙe da shi tare da Littafi Mai Tsarki, su ce wa mutum ya karanta ya roƙi Allah ya nuna masa ko gaskiya ne. Akwai fassararsa da Twi da Fante, da Igbo da Yarabanci. Waɗannan koyarwar ne suka raba su da sauran Kirista, har Fadar Vatican ta yanke a 2001 cewa ba ta amince da baftismarsu ba. Don haka a kudancin Ghana, inda coci ke kowane lungu, muhawarar da ɗan mishan ya fi sha da 'yan Fentikos da Katolika da Metodis yake yin ta.

A Ghana samun wanda zai ce "ku shigo ku zauna" ba wuya. Wanda aka tura Jamus ko Japan yana iya yin mako bai shiga gida ɗaya ba. Nan wahalar daban ce. Mutum zai ba ka kujera da ruwa, ya amsa kowace magana da to, ya yi alkawarin zuwa ranar Lahadi, Lahadi ta zo ba a gan shi ba. Ba ƙarya ya yi ba, karamci ne ya hana shi ce wa baƙo a'a. Sabon zuwa yakan ɗauki wata da watanni kafin ya bambance wanda ke girmama baƙo da wanda maganar ta shige shi, kuma a tsakanin yakan ɓata kwanaki yana bin gidajen da ba za su taɓa motsawa ba.

Rana ɗaya a mako, yawanci Litinin, ita ce ranar shiri, har zuwa ƙarfe shida na yamma. A ranar ake wanki da hannu a bokiti, cefane, aski, share ɗaki, ɗan wasan ƙwallo, da rubuta wa shugaban mishan rahoton mako. Kafin Fabrairun 2019 sau biyu kacal a shekara ake yarda ɗan mishan ya kira gida a waya, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran duk wasiƙa ce. Yanzu yana iya kiran iyayensa ta murya ko bidiyo kowane mako a wannan ranar.

Abokin da ba kai ka zaɓa ba

Wannan ita ce dokar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce waɗanda ke kallo daga waje suka fi rainawa. Ɗan mishan ba ya rabuwa da abokin aikinsa. Dole ya kasance inda zai gan shi ya kuma ji shi, awa 24, in ban da banɗaki da ganawa da shugaba. Ɗaki ɗaya suke kwana, kowa da gadonsa. Ba shi ya zaɓe shi ba, ba kuma zai iya sallamarsa ba. Duk mako shida akwai zagayen canji, inda shugaban mishan ke yanke wanda zai zauna da wanda zai tattara kayansa, sau da yawa da sanarwar kwana biyu ko uku. Mutum yana iya shafe zagaye ɗaya da aboki, yana iya shafe huɗu. Sabon zuwa kuma mako 12 na farko yana hannun mai horar da shi.

Dalilin dokar a fili yake: tsaro, da shaida idan an yi zargi, da katanga daga jaraba. Amma a nan mafi yawan rigima ke tashi. A haɗa yaro daga wani ƙauye a jihar Idaho ta Amurka da bai taɓa wanki da hannu ba da yaro daga Aba wanda ya girme shi da shekara biyar ya kuma sha gwagwarmayar kasuwa. Kuɗin abincin da ake ba su ɗaya ne, amma ɗaya yana da katin banki daga gida, ana aiko masa da kwali cike da alawa, ɗayan ba shi da kowa. Ɗaya yana ganin faɗar magana kai tsaye gaskiya ce, ɗayan yana ganin rashin kunya ce. Rikicin kan fara daga ƙananan abubuwa, waye ya cinye ƙwai, waye ya ƙi tashi a kan lokaci, waye ke mamaye darasi bai bar ɗan'uwansa ya yi magana ba. An ware lokaci duk mako da za su zauna su faɗa wa juna abin da ke damunsu. Idan aka yi shi da gaske yana kashe wutar tun tana ƙarama. Inda aka mayar da shi al'ada kawai, sai ka ga mutum biyu suna tafiya tare mako shida ba mai ce wa wani uffan sai a gaban baƙi, kuma waɗanda suke koyarwa suna ganewa.

Sauran dokokin suna cikin ƙaramin littafin ƙa'idoji da aka sabunta a 2019. Ba soyayya, ba keɓewa da mace, ba iyo, ba talabijin ko fim ko waƙar duniya, ba siyasa, ba ɗaukar yaro a cinya, ba fita daga yankin da aka ba ka sai da izini. A samansu akwai shugaban ƙaramin rukuni da na shiyya, duk 'yan mishan ne irinsu, sai shugaban mishan da matarsa, waɗanda ke yin shekara uku, suna kula da matasa fiye da ɗari.

Abin da ke kwantar da su

Zazzaɓin cizon sauro ne babban abokin gaba, musamman ga wanda ya fito daga ƙasar da ba a san shi ba, jikinsa bai da wata kariya. Maganin rigakafin da aka fi ba su shi ne doksisaiklin, miligiram 100 kullum, tare da kwana a gidan sauro. Matsalar ba ta maganin ba ce, ta shan sa ce. Idan aka haɗiye shi ciki ba komai yana tayar da zuciya, idan aka sha da ruwa kaɗan aka kwanta yana ƙona maƙogwaro, yana kuma sa rana ta fi cin fata. Sai yaro ya fara tsallake kwana ɗaya, biyu, ya ga bai ji komai ba, ya daina. Da dare kuma idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ya yaye gidan sauron don zafi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ciwon kai da rawar sanyi. Kuskure na biyu shi ne ɓoyewa, don kada a ce rago ne. Zazzaɓin da gwajin yatsa da maganin kwana uku za su kashe, idan aka bar shi yana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ruwa ne na biyu. Gidajensu suna da matacin ruwa, amma wanda ya yini a rana yakan sha duk abin da aka miƙo masa, ga kuma kunyar ƙin abincin da talaka ya dafa domin baƙo. Gudawa da taifod daga nan suke. Abinci kuwa yawanci ana sabawa. Fufu da banku da kenke kan ba baƙo wuya a makon farko, musamman da aka ce fufu haɗiye shi ake yi ba taunawa ba. Wanda suka fi saurin so shi ne waakye, shinkafa da waken da sunansa ma daga Hausa ya fito, wanda matan zango suka shahara da sayarwa.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Kewar gida, rashin barci, damuwa, da jin cewa Allah bai gamsu da kai ba don adadin mutanenka bai kai ba. Kowane mako ana aika lissafi sama: mutum nawa aka fara koyarwa, nawa suka zo coci, nawa aka sa wa ranar baftisma, nawa aka yi wa. Lissafin yana da amfani wajen tsara aiki, amma a hannun matasa masu gasa yana zama sanda. Illarsa kuma ba ta tsaya kan ɗan mishan ba. Gaggawar cika adadi ita ke sa a yi wa mutum baftisma bai gama fahimta ba, bayan wata uku ɗan mishan ɗin da ya saba da shi an canja masa gari, shi kuma ya daina zuwa. Inda 'yan majami'a suka shiga koyarwar tun farko, sabon shiga yana da wanda zai zauna kusa da shi bayan baƙin sun tafi. Wasu 'yan mishan suna komawa gida kafin lokaci saboda rashin lafiya ko damuwa ko karya doka, kuma a garuruwan da kusan kowa ɗan cocin ne wannan dawowar tana da nauyi ƙwarai, duk da cewa shugabanni sun yi ta jan hankalin jama'a a daina kallon ta a matsayin abin kunya.

Inda baftisma ke tsayawa

Ana yin baftisma ta nutsarwa gaba ɗaya cikin ruwa, daga shekara takwas zuwa sama, bayan wani ɗan mishan da ba shi ya koyar ba ya yi wa mutum tambayoyi. Sharuɗɗa uku ne suka fi tsayar da mutane a Ghana. Na farko dokar abinci da sha ta 1833, wadda ta hana giya da taba da kofi da ganyen shayi. A nan akan sami ruɗani, domin a Ghana, kamar a Najeriya, duk abin sha mai zafi na safe shayi ne, har da Milo, alhali Milo bai shiga haramcin ba. Ɗan mishan da bai tambaya da kyau ba sai ya hana mutum abin da aka halatta masa. Na biyu aure. Mace da namijin da ke zaune tare dole su ɗaura auren da doka ta sani, kuma sau da yawa abin da ya hana su shi ne kuɗin kayan da dangin mace suka yanka, wanda ɗan mishan ba shi da ikon biya ko ragewa. Na uku mata fiye da ɗaya. Mutane da dama sun san Mormon da auren mata da yawa, amma cocin ta sanar da barin sa a 1890, yau kuma mai mata biyu ba a yi masa baftisma.

Tarihin cocin a wannan yanki ma yana biyo ɗan mishan har ƙofar gida. Har zuwa Yunin 1978 ba a naɗa baƙar fata 'yan asalin Afirka a firistanci, ba a kuma barin su yin manyan ibadun haikali. Bayan an ɗage wannan ne 'yan mishan na farko suka iso Najeriya a Nuwamban shekarar, suka yi wa Anthony Obinna baftisma, a Disamba kuma suka shiga Ghana, inda Joseph William Billy Johnson ya riga ya tara jama'a shekaru da dama suna jira. A ranar 14 ga Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da cocin ta kori 'yan mishan na waje, sai ƙarshen Nuwamban 1990 aka ɗage. Mai ilimi a Akra zai yi tambaya a kan 1978, kuma yana da haƙƙin samun amsa ta gaskiya. Yaron da bai karanta tarihin cocinsa ba yakan daburce a nan, wani lokacin tambayar ta bi shi har gado.

Shi ya sa imanin ɗan mishan ba abu ne da ya zo da shi a kammale ba. Da yawa sun taso ne a kan na iyayensu, sai a nan suke fara gwada shi. Suna addu'a sau da yawa a yini, a durƙushe, kafin fita da bayan dawowa da farkon kowane darasi da ƙarshensa. Lahadin farko na kowane wata suna azumin abinci biyu a jere, ba ci ba sha, kusan awa 24. Ibadar Lahadi awa biyu ce tun 2019, ana kuma cin jibin Ubangiji da burodi da ruwa. Kalmar da suka fi yawan faɗa ita ce shaida, wato mutum ya tsaya ya ce na san wannan gaskiya ne. Wasu suna dawowa shaidar ta kafu, wasu kuma tambayoyin da aka yi musu a hanya su ne farkon fitarsu daga cocin bayan shekaru.

Idan wata 24 ya cika, shugaban mishan zai yi masa ganawar ƙarshe, a sa shi a jirgi. Har ya sauka yana ƙarƙashin doka. Sai ya je gaban shugaban gundumar da ya tura shi, ya sallame shi, ya ce ya cire bajon. Ranar Lahadi zai ba majami'arsu labarin aikinsa. Doksisaiklin kuwa zai ci gaba da sha har mako huɗu bayan barin Ghana, kuma duk zazzaɓin da ya taso masa a watannin farko, dole ya gaya wa likita daga inda ya dawo, domin likitan Yuta ba lallai ya kawo cizon sauro a ransa ba.